Sigarin lantarki: Faransa ta rufe ƙofarta, ina kayan za su nufa?

Duk wanda ya san majalisar dokokin ƙasar Faransa ya san ba wuri ba ne da ake haɗa baki a kan magana guda. Ko gaisuwa aka kawo zauren nan, sai an samu wanda ya ce bai yarda ba. Amma ran 4 ga watan Disamba na shekarar 2023, da aka gabatar da wani ɗan gajeren shirin doka, ƴan majalisa 104 da suka kaɗa ƙuri'a duka suka amince, na dama da na hagu, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Abin da ya haɗa kansu kuwa wani ɗan abu ne da bai wuce tsawon alƙalamin bik ba, mai launi irin na alewa, mai ƙamshin mangwaro ko kankana, wanda Faransawa ke kira puff. Mu a nan bari mu sa masa suna sha-ka-yar, domin aikinsa ke nan: a zuƙe shi har ya ƙare, a jefar, a sayi wani.

Sha-ka-yar ƙaramin ɗa ne a gidan sigarin lantarki, kuma asalin gidan ba mugun nufi ne ya kafa shi ba. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, shi ya ƙera irin wanda ake sha yau a shekarar 2003. Mutumin mashayin taba ne na gaske, mahaifinsa kuma ciwon daji na huhu ne ya kashe shi, sai ya nemi hanyar da mashayi zai samu abin da jikinsa ke nema ba tare da ya ƙona ganye ba. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Akwai ɗan batir, akwai siririyar waya da aka naɗe da auduga, audugar kuma a jiƙe take da wani ruwa mai ɗan kauri wanda aka zuba wa nikotin da kayan ƙamshi. Idan mutum ya zuƙa, batir ya ɗuma wayar, ruwan ya zama tururi, tururin ya shiga huhu. Babu ashana, babu toka, babu baƙar dauɗar nan mai kama da kwalta da ke manne wa huhun mai shan sigari.

To a nan ne gardamar likitoci ta samo tushe, kuma gaskiya ce a faɗa, masu kare sigarin lantarki ba mahaukata ba ne. Abin da ke kashe mashayin taba galibi hayaƙin ƙonewa ne, nikotin kuwa shi ne igiyar da ke ɗaure shi da tabar. A Faransa kaɗai ana lissafin mutum 75.000 da taba ke kashewa kowace shekara. Idan dattijon da ya yi shekara talatin yana shan kwali guda a yini ya ajiye sigari ya koma tururi, mafi yawan masana sun yarda ya rage wa kansa haɗari. Hukumar lafiya ta Ingila ta kai ga cewa, a shekarar 2015, sigarin lantarki ya fi na ganye sauƙin illa da misalin kashi 95 cikin 100, adadin da har yau wasu masana ke musu a kansa. A watan Afirilu na 2023 gwamnatin ƙasar ta yi shelar raba na'urar kyauta ga mashaya miliyan guda don su bar taba. Ke nan a can ana kallonsa kamar sandar gurgu.

Sai dai sandar gurgu, idan aka miƙa ta ga yaro mai ƙafafu biyu lafiya, gurgunta shi za ta yi. Amurka ce ta fara ganin haka da idonta.

A shekarar 2015 wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar Stanford guda biyu, Adam Bowen da James Monsees, suka fito da wata na'ura mai suna Juul, siririya, mai kama da ɗan makullin nan da ake soka wa kwamfuta. Abin da ya bambanta ta da na baya yana cikin ruwanta. Duk wanda ya taɓa satar kara ɗaya na sigari yana yaro ya tuna abin da ya biyo baya: tari, hawaye, jiri, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Wannan ɗacin mai gadi ne da Allah ya ajiye a bakin ƙofa, kuma yara da yawa daga nan suke juyawa ba su sake komawa ba. Masu Juul suka haɗa nikotin da wani sinadari mai tsami, ya zama abin da ake kira gishirin nikotin, wanda ke wucewa ta maƙogwaro sumul ba ƙaiƙayi. Da haka suka iya cusa miligiram 59 na nikotin cikin kowane mililita na ruwa, wato kusan ninki uku na iyakar miligiram 20 da dokar Tarayyar Turai ta yarda da ita. Kamfanin da bakinsa ya ce ɗan kurtun ruwa guda daidai yake da kwalin sigari mai kara 20. Aka ƙara masa ɗanɗanon mangwaro da na na'ana'a, aka yi talla da hotunan samari da ƴan mata masu fara'a. An sallami mai gadi ke nan.

Sakamakon bai jima ba. A shekarar 2019 binciken da gwamnatin Amurka ke yi kowace shekara a makarantu ya nuna kashi 27,5 cikin 100 na ɗaliban lise suna zuƙar sigarin lantarki. Idan aka haɗa da na kwaleji, yara fiye da miliyan 5. Mafi yawansu ba su da wata taba da za su bari. Kafin nan, a watan Disamba na 2018, kamfanin Altria mai sigarin Marlboro a Amurka ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul a kan dalar Amurka biliyan 12,8. Wanda ya ce ya zo ne ya binne taba, sai ga shi ya ɗaura aure da babban gidan taba.

A cikin 2019 ɗin kuma wata cutar huhu ta ɓulla, ta kwantar da mutum 2.807 a asibiti, ta kashe 68 kafin ƙarshen Fabrairu na 2020. A nan ya kamata a yi adalci, domin ana yawan kawo wannan labari a karkace. Bincike ya gano yawancin waɗanda suka kamu sun zuƙi ruwan wiwi ne na bayan fage wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E, ba ruwan nikotin na kanti ba. Amma darasin da ke ciki ya fi shafar ƙasashe irin namu: na'urar ba ta tambayar abin da aka zuba mata, duk abin da ɗan kasuwa ya ga dama ya ɗura, huhu ne zai karɓa. Amurka ta ɗaga shekarun sayen taba da danginta zuwa 21 a watan Disamba na 2019, Juul ya daina sayar da ɗanɗanon ƴaƴan itace, kuma a 2022 ya amince ya biya jihohi fiye da 30 dalar Amurka miliyan 438,5 a kan zargin yi wa yara talla. Zuwa 2024 yawan ɗaliban da ke zuƙa ya sauko miliyan 1,63. Doka ta yi aiki, amma sai da wani rukuni na yara ya riga ya ɗauru.

Lokacin da ake fama da Juul ne sha-ka-yar ya shigo ta taga. Ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar ɗuri, ba ya buƙatar a koya wa mutum komi. A ɓare leda a kai baki. Ya iso Faransa wajajen 2021, galibi mai zuƙa 600, da sunaye irin na kayan zaƙi. Tun shekarar 2014 dokar Faransa ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigarin lantarki, tun 2016 kuma ta hana tallarsa. Duk da haka, binciken da ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da taba na ƙasar, ACT, ya sa aka yi a 2023 ya nuna kashi 15 cikin 100 na yara masu shekara 13 zuwa 16 sun taɓa zuƙar sha-ka-yar. Tallar da aka hana a talbijin da jaridu ta koma TikTok, inda yaro ke yi wa ɗan'uwansa kyauta. Mai kanti kuwa ba kowane ne ke tambayar katin shaida ba. A riƙe wannan da kyau: ƙasa mai ƴan sanda da masu bincike da takardar haihuwa a hannun kowane yaro, dokar shekaru ita kaɗai ba ta tsare mata ƴaƴa ba.

Wata ƴar majalisa ta jam'iyyar masu kare muhalli, Francesca Pasquini, ita ta ajiye shirin dokar hanin a ƙarshen 2022. Ran 3 ga Satumba na 2023 firaminista ta lokacin, Elisabeth Borne, ta faɗa a gidan radiyon RTL cewa gwamnati za ta hana sha-ka-yar. Abin dariya, ita kanta an sha ganinta tana zuƙar sigarin lantarki a cikin zauren majalisa. Amma wannan ma ya nuna inda Faransa ta ja layi, domin ba ta nemi ƙwace na'urar daga hannun babba ba. Bayan ƙuri'ar Disamba sai da aka jira amincewar hukumar Tarayyar Turai, wadda ta zo a watan Satumba na 2024, sannan majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'ar ƙarshe ran 13 ga Fabrairu na 2025, aka sa wa dokar hannu ran 24 ga wannan wata. Wanda aka kama yana sayarwa ko rabawa kyauta, tararsa na iya kaiwa yuro 100.000, wato sefa miliyan 65 da ɗoriya. Daga ajiye shiri zuwa sa hannu, shekara biyu da ƴan watanni, a kan maganar da babu mai musunta.

Ba lafiyar yara kaɗai ta tura su ba, har da shara. A cikin kowane sha-ka-yar akwai batir na litiyom, irin wanda ke cikin wayar salula, wanda da za a yi masa caji sau ɗaruruwa, amma ana jefar da shi bayan ƴan kwanaki. A Birtaniya wata ƙungiya mai suna Material Focus ta ƙiyasta a 2023 ana yar da guda miliyan 5 kowane mako, kuma irin waɗannan batura na tayar da gobara a motocin kwasar shara. Beljiyam ta riga kowa a Tarayyar Turai, ta hana ran 1 ga Janairu na 2025. Birtaniya ta biyo ran 1 ga Yuni na shekarar.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗin nazari ga duk mai sha'awar yadda ake rubuta doka. Ƴan majalisar Faransa sun hango wayon ƴan kasuwa. Sun san idan suka ce an hana abin da ba a yi masa caji, washegari za a huda masa ƴar kafar caji a gindi a ce ya zama wani abu dabam. Don haka suka rubuta cewa an hana duk na'urar da ta zo cike da ruwa kuma ba a iya sake cika ta, ko tana da batir mai caji ko ba ta da shi. Amma an ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kafin tawadar dokar ta bushe, masana'antu sun fito da na'urori masu launi iri ɗaya, ƙamshi iri ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, sai dai an maƙala musu ɗan kurtu da ake cirewa ko ƴar kwalbar ƙari. A takarda ana sake cika su. A hannun yaro kuwa, ba abin da ya hana shi zuƙewa ya jefar kamar da. Haka aka gani a Birtaniya ma. Dokar ta kama siffar na'ura, ta bar zaƙin da ke jan yaro. Holand ta bi wata hanyar, ta hana duk wani ɗanɗano in ban da na taba tun farkon 2024, kuma a ganina ita ta fi kusa da inda ciwon yake.

Wasu ƙasashe sun ɗauki gatari. Indiya ta hana sigarin lantarki ɗungum a watan Satumba na 2019. Ostareliya, daga 1 ga Yuli na 2024, ta ce a farmasi kaɗai za a sayar. A ƙasashen biyu kasuwar bayan fage ba ta mutu ba. Amma misalin da ya fi ba ni mamaki na ƙasar Sin ne. Mafi yawan sha-ka-yar na duniya daga masana'antun birnin Shenzhen yake fitowa, alhali kuwa tun 1 ga Oktoba na 2022 gwamnatin Sin ta hana sayar da mai ɗanɗanon ƴaƴan itace a cikin gida. Ƙerawa don fitarwa waje kuma ba a hana ba. Mai tuya ta hana ƴaƴanta cin ƙosan, ta ɗora wa talla.

Tambayar da ta sa na ɗauko wannan dogon labari ita ce: masana'antar da aka rufe wa Faris da Landan da Burusel, ina za ta kai kayanta? Ba duba nake yi ba, tarihi nake karantawa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta bankaɗo yadda ƴan kasuwar mai ke haɗa gazuwal mai yawan ƙibiritu, wanda doka ta hana a Turai, suna sayar da shi a Afirka ta Yamma. A 2019 ita dai ƙungiyar ta sa aka gwada sigarin da ake yi a Suwis ana kai wa Maroko, aka samu ya fi wanda ake sayar wa ƴan Suwis yawan nikotin da kwalta. Mu a Nijar ba ma buƙatar a ba mu labarin tiramadol, mun ga abin da ya yi wa ƴan kabu-kabu da leburori da ƴan lakwal, da ƙwayoyi masu ƙarfin da ya wuce wanda likita ke rubutawa. Mun kuma san shekarun da kwalayen sigari suka yi suna ratsa ƙasar nan ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Hanyar da ta ɗauki waɗannan ba za ta gaza ɗaukar abin da katon guda ke cin ɗaruruwansa ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta faɗa a watan Disamba na 2023 cewa ƙasashe 34 sun hana sayar da sigarin lantarki, 88 ba su da iyakar shekarun saye, 74 kuma ba su da wata doka a kansa ko kaɗan. A watan Oktoba na 2025 ta ƙiyasta masu zuƙa sun haura miliyan 100 a duniya, cikinsu aƙalla miliyan 15 yara ne masu shekara 13 zuwa 15.

Wani zai ce abin na ƴaƴan masu kuɗi ne, yaron da ke neman dala biyar ta karin kumallo ina shi ina tururin mangwaro. Haka aka ce da shisha ta fara shigowa, ana ganinta sai a gidajen shaƙatawa na Yamai, kafin ta sauko fadojin samari a Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda mutum biyar ke haɗa kuɗi su zagaya tiyo guda. Maƙwabciyarmu Mali sai da ta kai ga hana shisha a watan Agusta na 2022. Shisha kuwa tana da tulu, tana da gawayi, tana da hayaƙin da ake hangowa daga nesa. Sha-ka-yar yana shiga aljihun wando, yana kwana cikin jakar lakwal tsakanin bik da fensir, mushe ya gan shi ya ɗauka alƙalamin launi ne. Uwa ta san warin taba a rigar ɗanta tun daga zaure. Ƙamshin kankana ba zai sa ta tambaya ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A ƙasar Hausa kunya ce ta tsare ƴan mata daga sigari fiye da kowace doka, domin budurwa da kara a baki abin magana ce a unguwa. Abin da ba ya wari, ba ya kama da taba, sunansa ma ba taba ba, wannan kunyar ba ta san shi ba. Likitoci kuwa sun nuna ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda nikotin ya kama da ƙuruciya shi ya fi wahalar kwancewa. Ranar da kuɗin sha-ka-yar suka gagara, jiki ba zai yi haƙuri ba, kara ɗaya na sigari kuma yana nan a tebur ɗin bakin titi da arha.

Nijar ba a baya take ba wajen yaƙi da taba a takarda. Ta tabbatar da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a watan Agusta na 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ta ran 15 ga Mayu na 2006, wadda ta taɓa talla da shan taba a wuraren taruwar jama'a da sayar wa yara. Sai dai a lokacin da aka rubuta ta, ƙirƙirar Hon Lik ba ta fi shekara uku ba, gishirin nikotin na Juul kuma sai bayan shekara tara ya shigo kasuwa. Abin da labarin Faransa ke koya wa masu rubuta doka a ko'ina shi ne su kama abin da ke ciki, kada su tsaya ga kwanon. Idan nassi ya ce taba, ɗan kasuwa zai ce babu ganyen taba a kayansa. Idan ya ce abin yarwa, zai maƙala masa kurtu. Kalmar da ba ta da hanyar zillewa ita ce nikotin, kowace siffa ya ɗauko, tare da iyakar ƙarfinsa da hana kayan zaƙi. Ni ban ga hujjar hana dattijon da ke neman rabuwa da sigari na'urarsa ba, idan ta bi ta farmasi. Amma hujjar Ingila ta raba wa mashaya ba ta da nauyi ɗaya a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba: waɗanda za a ɗaura sun ninka waɗanda za a kwance.

Maganar shekaru kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A garin da uba ke aiken ɗansa ɗan shekara bakwai ya sayo masa kara biyu wajen mai tebur, ba mai teburin da zai tambayi takardar haihuwa. Wurin da ake iya tare wannan kaya ɗaya ne, bakin iyaka da filin jirgi, kafin katon ya fashe ya watsu cikin tebura dubu. Tun shekarar 2022 kundin lambobin kaya na duwan na duniya ya ware wa kayan nikotin da ake zuƙa ba tare da ƙonawa ba lamba tasu, 24.04. Ma'aikacin duwan na Ɗan Isa ko na Birnin Ƙonni da ya buɗe katon da aka rubuta wa kayan lantarki, ya tarar da alƙaluma masu launi jere cikin leda, yana buƙatar abu biyu: ya san abin da yake kallo, kuma a ba shi nassin da zai dogara da shi ya riƙe katon.